Ma'anonin Aikatau "Get" na Ingilishi a Ma'aunin Hausa

1.0 Gabatarwa

A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da sabon kundin tafiyar da mulkin Jamhuriyar Nijar, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ya ɗora wa ɗaliban harshe na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai wani nauyi sabo. Tun daga ajin farko na kwaleji, ta bakin Faransanci ɗalibi ya saba koyon Ingilishi: ƙamusunsa na harsunan nan biyu ne, fassarar da ake ba shi a jarrabawa ma tsakaninsu take. Hausa kuwa a ƙofar aji ake barin ta. Yanzu ana bukatar masu iya ɗauko zance daga Ingilishi su sauke shi cikin Hausa ba tare da sun yada zango a Faransanci ba.

Wurin da ake bukatar tasu ba shi da nisa. Wanda ya tsaya a bakin Gadar Kennedy ta ɓangaren jami'a ya dubi tsallake zai hangi otal ɗin Gaweye da zauren Palais des Congrès, inda shugabannin Tarayyar Afirka suka yi taro a watan Yuli na 2019. Kusa da su akwai cibiyar taro ta Mahatma Gandhi da aka buɗe a watan Janairu na 2020. A irin waɗannan zauruka tafinta ke neman abincinsa, kuma a nan ne kuskuren kalma ɗaya kan juya zancen baƙo baibai.

Wannan muƙala ta ɗauki aikatau ɗaya, wato *get*, domin nuna cewa ma'anoninsa suna da tsari, kuma abin da ya biyo bayansa a jimla shi ke yanke hukuncin ma'anar da ya ɗauka. Za a kuma nuna cewa mai jin Hausa ya riga ya mallaki dabarar warware irin wannan kalma a cikin harshensa.

2.0 Kalma Ɗaya, Ma'ana da Yawa

A ilimin ma'ana ana bambanta abubuwa biyu. Na farko shi ne kalmomin da suka yi kama a rubuce amma ba su haɗa dangi ba, kamar *gari* na mazaunin jama'a da *gari* na tuwo, waɗanda tsawon wasali ke raba su a baki. Na biyu shi ne kalma ɗaya da ta yi rassa daga tushe guda, kamar *baki*: bakin mutum, bakin ƙofa, bakin wuƙa, bakin kogi, bakin aiki. Masanin harshe ɗan Faransa Michel Bréal ne ya yaɗa sunan *polysémie* ga wannan hali na biyu ta littafinsa *Essai de sémantique* na 1897.

Sunan Gaweye kansa ya isa misali. Tsohuwar unguwa ce a gaɓar hagu ta kogin Kwara. Da aka tashi mazaunanta domin gina otal da zauren taro, sai suka koma Harobanda a gaɓar dama, suka tafi da sunan, otal ɗin kuma ya riƙe shi. Yau wurare biyu ke amsa suna ɗaya, asalinsu ɗaya, kuma mai taksi ba ya ruɗewa, domin sauran maganar fasinja na nuna masa wanda ake nufi. Haka mai sauraro ke yi da kalma mai rassa.

A 1945 George Zipf ya nuna cewa gwargwadon yawan amfani da kalma, gwargwadon yawan ma'anoninta. Ingilishi ya tabbatar da haka. Babban ƙamusun Oxford, a bugunsa na biyu na 1989, ya jera wa aikatau *set* ma'anoni 430, da aka sabunta bayanin *run* a 2011 kuma aka sami 645. *Get* na cikin wannan sahu. Nahawun Longman na Douglas Biber da abokan aikinsa, wanda ya fito a 1999, ya gano cewa a hirar baka babu wani aikatau mai cin gashin kansa da ya kai *get* yawan fitowa: fiye da sau 9,000 a cikin kalmomi miliyan ɗaya. A rubutun ilimi kuwa bai cika fitowa ba.

3.0 Asali da Tushen Ma'ana

Ingilishi ya aro *get* ne daga *geta* ta tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, waɗanda suka zauna a arewa da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9, kuma kalmar ta fara bayyana a rubuce wajen shekarar 1200. Tsohon Ingilishi yana da ƴar'uwarta, amma a cikin harɗaɗɗun kalmomi kawai take fitowa, waɗanda daga cikinsu *forget* da *beget* suka rayu har yau. Ana furta *g* ɗinta kamar ta *gero*.

Ma'anarta ta asali ita ce kaiwa ga abu a riƙe shi. Daga nan duk sauran suka tsiro, kuma abu ɗaya ya haɗa su: sauyi. Mutum ba shi da abu, sai ya same shi. Ba ya cikin wani hali, sai ya shiga. Ba ya wani wuri, sai ya isa. *Get* na faɗin cewa an ƙetara, kalmar da ta biyo baya kuma ita ke faɗin gaɓar da aka sauka.

4.0 Sigogi Shida na Jimla

4.1 Idan suna ya biyo baya

1. She got a scholarship.
Ta sami tallafin karatu.
2. I got your message last night.
Na sami saƙonka jiya da dare.
3. He got this phone at Grand Marché.
Ya sayi wannan wayar a Babbar Kasuwa.
4. Get me some water.
Ɗebo mini ruwa.
5. The child got malaria.
Zazzaɓin cizon sauro ya kama yaron.
6. I don't get it.
Ban gane ba.

A misali na 2 abu ne ya zo wa mutum yana zaune, a na 3 da na 4 kuwa shi ya tashi ya nemo. Ingilishi bai raba su ba, amma Hausa ta raba. A misali na 4 ta yi amfani da aikatau mai ƙarewa da *-o*, wato giredi na shida a tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, wanda ke nuna an je an yi abu an dawo da shi: *ɗebo, sayo, ɗauko, samo*. A misali na 5 harsunan biyu sun saɓa alkibla. Bature na ganin yaro ne ya sami ciwo, Bahaushe na ganin ciwo ne ya kama yaro. A na 6 kuma abin da ake riƙewa ma'ana ce, kamar yadda ake cewa yaro yana *ɗaukar* karatu.

*Samu* da *get* ba su daidaita a ko'ina ba. Jimlar "na same shi a ofis" da *find* ake fassara ta.

4.2 Idan sifa ta biyo baya

7. It is getting dark.
Gari ya fara yin duhu.
8. The students got tired.
Ɗaliban sun gaji.
9. They got married in Maradi.
Sun yi aure a Maraɗi.
10. The river gets low in May.
Ruwan kogi yakan janye a watan Mayu.

A nan ma'anar ita ce shiga wani hali. Ƙamus zai ce *zama*, amma wanda ya rubuta "ɗaliban sun zama gajiyayyu" ya yi Ingilishi ne da kalmomin Hausa. Hausa na da ƙarancin sifofi na asali, don haka takan yi wannan aiki da aikatau guda, kamar *gaji, tsufa, fusata, warke, ɓata*, ko da *yi* tare da suna, kamar *yi aure, yi arziki, yi sanyi*.

Akwai wani tarko idan ana fassara daga Hausa zuwa Ingilishi. "Ya gaji" na iya nufin halin da mutum ke ciki yanzu, wato *he is tired*, ko shigarsa halin a wani lokaci, wato *he got tired*. Sigar Hausa ɗaya ce, sai mai fassara ya duba sauran zancen kafin ya zaɓa.

4.3 Idan wuri ko alkibla ta biyo baya

11. How do I get to Gaweye?
Ta ina zan bi in isa Gaweye?
12. We got home late.
Mun isa gida a makare.
13. Get off at the bridge.
Ka sauka a bakin gada.
14. Get the books out.
Fitar da littattafan.

Ingilishi na riƙe aikatau ɗaya ya riƙa sauya ƴar kalmar da ke bin sa. Hausa kuwa na da aikatau na musamman ga kowace alkibla: *get up* tashi, *get on* hau, *get off* sauka, *get in* shiga, *get out* fita, *get back* koma ko dawo, *get across* ƙetare. Da *get into* ake shiga taksi ko ƙaramar mota, da *get on* ake hawa bas, jirgi ko babur. Kalmomin *home, here* da *there* ba su ɗaukar *to* a gabansu. Idan karɓau ya shigo tsakani, kamar a misali na 14, sai ma'ana ta koma motsa wani abu, Hausa kuma ta koma giredi na biyar mai ƙarewa da *-ar*: *fitar da, shigar da, mayar da*.

4.4 Idan siga ta uku ta wani aikatau ta biyo baya

Siga ta uku ita ce irin *caught, beaten* da *paid*. Idan ta bi *get*, abin da ake bayani shi ne aikin da ya auku a kan mutum.

15. The thief got caught at Katako.
An kama ɓarawon a Katako.
16. He got beaten.
Ya sha duka.
17. She got promoted.
An ƙara mata girma.

Ana iya gina irin wannan jimla da *be*, amma akwai bambanci. *The shop was closed* na iya nufin shagon a rufe yake, ko kuma an zo an rufe shi. *The shop got closed* ma'ana ta biyu kaɗai take ɗauka, domin *get* ba ya rabuwa da sauyi. An fi jin wannan siga a kan abin da ya cutar da mutum ko ya zo masa ba zato, ko da yake misali na 17 ya nuna cewa alheri ma na shigowa.

4.5 Idan mutum ko abu ya biyo baya, sannan aiki

18. I got my brother to sign the form.
Na shawo kan ɗan'uwana ya sa hannu a takardar.
19. She got her motorbike repaired.
Ta kai an gyara mata babur.

Nan ma'anar ita ce sa wani ya yi aiki. Ingilishi na da kalmomi uku na wannan hidima. *Make* na nuna tilas, *have* na nuna umarnin wanda ke da hurumi ko wanda ya biya kuɗin aiki, *get* kuma na nuna an yi lallashi ko an sha fama kafin a cim ma biyan bukata. *Make* da *have* ba su ɗaukar *to* kafin aikatau na biyu, amma *get* dole ya ɗauka. Saboda haka *I got him sign* kuskure ne.

4.6 Mallaka, tilas da dama

20. I have got two sisters.
Ina da ƴan'uwa mata biyu.
21. I have got to go.
Dole in tafi.
22. I didn't get to see him.
Ban samu ganinsa ba.

A misali na 20 sigar ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma ma'anar ta yanzu ce, domin wanda ya riga ya sami abu yana da shi. Daga mallakar abu aka zarce zuwa mallakar nauyi, shi ne misali na 21. Misali na 22 kuwa ya faɗo daidai kan salon Hausa, inda ake cewa "ban samu zuwa ba" ana nufin ba a sami dama ba. Ingilishin Amurka ya riƙe tsohuwar siga *gotten*, yana kuma raba *I've got money*, ina da kuɗi, da *I've gotten money*, na sami kuɗi. A daidaitaccen Ingilishin Birtaniya *got* ce ke yin aikin biyu.

5.0 Ma'anonin Aro

Maganganun da ɗalibai ke haddacewa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ma'anar motsi ce ta sashe na 4.3 aka ara wa abin da ido ba ya gani. Wanda ya san *get across the river*, ƙetare kogi, bai kamata *get a message across* ta ba shi wuya ba: saƙo ne aka ƙetarar da shi daga kan mai magana zuwa kan mai sauraro, wato an fahimtar. *Get over* haure katanga ne, daga nan ta zama farfaɗowa daga ciwo ko dangana bayan rashi. *Get through* ratsa abu ne a fita ta ɗaya gefen, don haka ake amfani da ita ga tsallake jarrabawa da kuma samun mutum a waya. *Get by* raɓawa ne a wuce ta ƙunƙuntar hanya, sai ta zama lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu, abin da Faransanci ke kira *se débrouiller*. *Get along with* tafiya ce tare, wato jituwa. *Get away with* kuwa gudu ne da abu a hannu, wato yin laifi a ci bulus.

6.0 Madubin Hausa: Ci da Sha

Ɗalibin da ke kukan cewa Ingilishi ya ɗora wa kalma ɗaya kaya fiye da kima, sai ya waiwayi *ci*. Bahaushe na cin tuwo, yana cin kasuwa, jarrabawa, zaɓe, bashi, riba da sarauta. Ana cin amana, ana cin mutunci, ana cin mutum tara. Wuta na cin gida, riga na cin yadi biyar, aiki na ci gaba. Babu yaron da ya taɓa zama ya haddace wannan jeri, kuma babu wanda ya taɓa jin an ce wane ya ci zaɓe ya zaci an tauna ƙuri'a. Kalmar da ta biyo baya ce ke shiryar da kunne.

Masana sun daɗe da lura da haka. Claude Gouffé ya yi nazarin *ci* da *sha* a 1966, sannan a 2009 Philip Jaggar da Malami Buba suka nuna cewa ma'anonin aro na *ci* sun karkata ga rinjaye, na *sha* kuma ga jure abin da ya auka wa mutum. Wannan rabo na da amfani ga mai fassara *get*. Inda mutum ya yi nasara, sau da yawa *ci* ke dacewa: *he got elected*, ya ci zaɓe, *she got through the exam*, ta ci jarrabawa. Inda abu ya faɗa masa kuwa *sha* ke dacewa: *they got defeated*, sun sha kaye; *he got criticised*, ya sha suka. Abin da Ingilishi ya cusa a kalma ɗaya, Hausa ta raba wa *samu, yi, isa, sa, ci* da *sha*.

7.0 Tarkuna Uku ga Ɗalibin Yamai

Tarko na farko Faransanci ne. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci sun kwarara cikin Ingilishi, daga ciki har da *receive, obtain* da *arrive*. Ɗalibin da ya taso da *recevoir, obtenir* da *arriver* yakan kama waɗannan cikin sauƙi ya bar *get*. A rubutun kundin digiri wannan riba ce, domin su ɗin ne aka fi so a can. A hira kuwa hasara ce: wanda ya ce *I obtained a taxi* za a gane shi, amma za a ji kamar takarda yake karantawa, kuma idan abokin maganarsa ya jero *get* sau biyar da ma'ana biyar, sai zaren ya kuɓuce masa. Haka nan wanda ya haddace cewa *get* ita ce *obtenir* zai tsaya cik a gaban *get angry* da *get lost*, inda Faransanci ke cewa *se fâcher* da *se perdre*.

Tarko na biyu shi ne Turancin buroka na Najeriya, wanda ake ji a kasuwanni da waƙoƙi da finafinai. A cikinsa *I get money* na nufin ina da kuɗi, *e get one man* kuma na nufin akwai wani mutum. Tsari ne mai ƙa'idarsa, kuma ya yi kama da yadda *da* ta Hausa ke nuna mallaka a "ina da aiki" da kuma samuwa a "da sauran aiki". Amma a daidaitaccen Ingilishi *I get money* na nufin nakan sami kuɗi.

Tarko na uku, wanda ya fi haɗari ga tafinta, shi ne ƙaramin sauyi a jerin kalmomi:

23. The minister got the translated report.
Minista ya karɓi rahoton da aka fassara.
24. The minister got the report translated.
Minista ya sa an fassara rahoton.
25. He got a shot.
An yi masa allura.
26. He got shot.
An harbe shi.

Kalmomin misali na 23 da na 24 iri ɗaya ne, wuri kawai biyu suka musanya, amma ɗaya siga ce ta 4.1, ɗayar ta 4.5. Tsakanin na 25, wanda salon Amurka ne, da na 26 kuwa harafi ɗaya ne ya raba jinya da harbi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa ma'anonin *get* sun fito daga tushe ɗaya, wato sauyi, kuma sigar jimla ce ke tantance su. Duk lokacin da ɗalibi ya ci karo da wannan aikatau, tambayoyi uku sun ishe shi. Mene ne ya biyo baya: suna, sifa, wuri, siga ta uku, ko mutum da aiki? Wanda ake magana a kansa, shi ya yi aikin ko a kansa aka yi? Motsin na zahiri ne ko na aro? Bayan nan sai ya nemi yadda Bahaushe zai faɗi zancen da bakinsa.

Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ware shafi shida a littafin rubutu, kowane shafi da sigarsa, a saurari shirin hira na Ingilishi na rabin awa a rediyo, a riƙa ajiye kowace *get* a shafinta tare da fassarar Hausa. Masu neman batun kundin kammala karatu kuma na da fili a buɗe: kwatanta *get* da *samu* ta Hausa da *du* ta Zabarmanci, a ga inda rassansu suka haɗu da inda suka rabu.